FILIN ADDINI: Shin Ya Halatta Uwa Ta Zauna Ta Yi Zane Da Ɗanta?

A makon jiya mun yi alkawarin ci gaba da bayani a kan zakkar dabbobi, amma sai ga wata wasiƙa ta iso wadda muka ga bai kamata a ajiye ta ta kwana biyu ba, don haka muna roƙon gafara. Wani malamin makarantar allo ne ya aiko ta daga wata unguwa a bayan garin Maiduguri, inda galibin mazauna wurin mutanen da yaƙi ya raba da garuruwansu ne. Ya ce akwai wasu ma'aikatan agaji da ke zuwa sau ɗaya a mako da takardu da fensir masu launi, su tara mata da ƙananan 'ya'yansu ƙarƙashin rumfa, su ce kowace uwa ta zauna da ɗanta su yi zane a takarda guda. Magidanta sun same shi sun ce wannan surantawa ce, surantawa kuwa haramun ce, kuma sun nemi ya yi sanarwa bayan sallar Magariba a hana matan zuwa. Abin da ya tsayar da shi, in ji shi, wata mata ce da aka kashe mijinta, wadda ta ce masa ɗanta mai shekara bakwai bai taɓa ambatar ubansa ba tun da abin ya faru sai a kan waccan takarda. To, malamin yana tambaya: ya hana, ko ya ƙyale?

Amsarmu ita ce kada ya hana. Amma da yake magidantan nan ba don son zuciya suka yi maganarsu ba, tsoron saɓon Allah ne ya sa su, ya wajaba a ba su hujja, a kuma gaya musu iyakokin abin.

Da farko dai, mene ne wannan aiki? Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiransa jiyya da zane. Wani mai zane Baturen Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1942. Tarin fuka ne ya kwantar da shi a gidan jiyya, ya lura zanen da yake yi a kan gado yana rage masa damuwa, sai ya shiga koya wa 'yan'uwansa majiyyata, har ya rubuta littafi a kai a 1945. Daga baya abin ya zama sana'a da ake horar da mutane a kanta. Wani likitan yara kuma na Ingila, Donald Winnicott, wanda ya rasu a 1971, yana da wata dabara mai sauƙi ƙwarai: sai ya ja wani karkataccen layi a takarda ba tare da nufin komai ba, ya ce wa yaro ya mai da shi wani abu, sa'an nan yaron ya ja nasa, likita ya ƙarasa. Suna cikin haka magana ke fitowa, domin yaron da ba zai amsa tambaya ba yakan yi bayanin abin da hannunsa ya zana.

Dalilin da ya sa haka ke yiwuwa ba boyayye ba ne. Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai mallaki kalmomin da zai faɗi firgitar da ke cikinsa da su ba, sai ta fito ta wata hanya: fitsarin kwance bayan ya daina, ko zabura cikin barci, ko faɗa da sa'o'insa, ko ya lafe a jikin uwa ba ya barin ta ko bayan gida. Amma abin da ya gani yana nan a idonsa. A shekarar 2005 wasu masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch sun je sansanonin 'yan gudun hijirar Darfur a kan iyakar Chadi, suka ba yara takardu da fensir don kawai su shagala yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu ga abin da za su zana, amma sai ga jiragen sama, da mahaya dawakai da raƙuma riƙe da bindigogi, da bukkoki suna cin wuta. A 2007 wata ƙungiya mai suna Waging Peace ta tattara irin waɗannan zane-zane wajen 500 a gabashin Chadi, ta miƙa su ga Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke birnin Hague. Takardun nan sun kai kotun, sun zaga ɗakunan nuni a Turai da Amurka. Mu dai a ganinmu wanda ya fi kowa cancantar ya gan su ita ce uwar da yaron zai kwana kusa da ita a daren.

Nan ne abin da ma'aikatan can na Maiduguri suke yi ya burge mu, watau zaunar da uwa da ɗa a kan takarda guda. Sau da yawa masu agaji sukan ware yara su yi musu wasa na awa ɗaya, sa'an nan su mai da su ga iyayen da ba su san abin da aka yi ba. Ma'aikaci baƙo ne, kwangilarsa za ta ƙare ya tafi. Gwamnatin Jihar Borno ma ta rufe sansanonin cikin Maiduguri, ciki har da na Bakassi a ƙarshen 2021, mutane suka watsu, wasu zuwa garuruwansu, wasu cikin unguwanni. Uwa ce ba ta tafiya.

Sai mu dubi halin da iyayen suke ciki. Tun daga 2009 da fitinar Boko Haram ta tashi, musamman a 2014 da 2015 lokacin da Gwoza da Bama da Baga suka faɗa hannun mayaƙan, mutane fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, wasu har Difa a Nijar, wasu Minawawo a Kamaru. Bayan haka ga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa, ga kuma ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. Ana yawan lissafa abin da mai gudun hijira ya rasa: gona, shanu, rumbu, gida. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne hanyoyin da iyaye da 'ya'ya suke saduwa da juna ta cikinsu. A ƙasar Hausa da ta Barno uba ba ya zaunar da ɗansa ya ce zo ka gaya mini abin da ke damunka. A gona suke sanin juna, uba na gaba da fartanya, ɗa na biye yana zuba iri. 'Ya kuwa a bakin murhu da turmi take koyon uwarta. Tatsuniya da dare ta kaka ce, lallashi na goggo ne da inna. To, yaƙi ya kwashe gonar, kaka ta mutu a hanya ko tana wani gari, aka bar uwa da ɗa a ɗaki guda, kowa na ɗauke da abin da ya gani, ba su da wani aiki da zai haɗa hannuwansu.

Ga kuma al'adarmu ta kunya. Mun san yadda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi sosai. Ba mu ce a yar da kunya ba, kunya reshe ce ta imani. Amma a tuna wannan al'ada ta ginu ne a kan babban gida, inda abin da uwa ta kame daga gare shi kaka da goggo za su cike. Kadan aka rushe babban gidan aka bar kunyar ita kaɗai, yaro ya tashi ke nan ba mai jin ta bakinsa. Amfanin takarda a nan shi ne ba ta tilasta wa kowa ya dubi idon wani. Uwa na kallon takarda, ɗa na kallon takarda, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ta ce, wannan fa mene ne? Ya ce rijiyar gidanmu ce. Ta ce, a'a, ai bishiyar darbejiya tana ta wannan gefen. Maganar da shekara biyu ba a yi ba ta fara ke nan, kuma ba wanda ya keta kunyar wani.

Yanzu sai batun hukunci, wanda shi ne ainihin tambayar. Gaskiya ne hadisai ingantattu sun zo a cikin Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai, kuma ba Musulmin da zai yi wasa da su. Amma malamai ba su bar mu da zahirin lafazi kawai ba, sun yi bayani dalla-dalla. Abu na farko, zanen abin da ba shi da rai, kamar itace, gida, kogi, dutse, wata da taurari, halal ne a wurin jamhurin malamai. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci, sai ya karanta masa gargaɗin, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa ya koma zanen itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Wannan kaɗai ya isa ya buɗe ƙofa, gama abin da yaron da aka kora daga gida ya fi ɗokin zanawa shi ne gidan.

Abu na biyu, a mazhabar Imamu Malik da muke bi a wannan ƙasa, surar da aka haramta ita ce ta mutum ko dabba wadda take da jiki har tana da inuwa, kamar gunki, kuma gaɓoɓinta sun cika. Wadda aka shimfiɗa a takarda ko tufa ba ta kai haramun ba, iyakarta karhanci ko barin abin da ya fi. Masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil, irin su Shehu Dardir, sun kawo wannan a babin walima, inda ake maganar abubuwan da ke sa a ƙi amsa gayyata. Mai Risala ma, Ibnu Abi Zaid, da ya zo kan surori a gadaje da bangaye karhanci ya ambata, ya kuma fitar da zanen da ke jikin tufa daga cikinsu, ko da yake ya fifita barinsa. Ba za mu ɓoye ba, wasu manyan malamai, kamar Imamu Nawawi na Shafi'iyya, sun tsananta, sun haɗa mai inuwa da marar inuwa duka a cikin hani. Wanda ya ɗauki wannan don kansa ya yi tsantseni, ba ma zarginsa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta a yi shelar hani da ita a masallaci a kan matan da mazansu suka mutu.

Abu na uku, wanda ake yawan mantawa, shi ne yaro ba mukallafi ba ne, kuma shari'a ta sassauta a kan kayan wasansa sassauci bayyananne. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta na zuwa su yi wasa tare. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana iska ta yaye labule ya ga kayan wasan, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. A lura fa da abin da ya yi: tambaya ya yi, ya saurari bayaninta. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda matan Madina suke yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har lokacin buɗa baki. Iyaye mata ne da hannunsu suke ƙera wa 'ya'yansu abin wasa, a zamanin da wahayi ke sauka.

Kadan muka wuce halasci muka shiga sunna, sai mu tarar abin ya fi haka kusa da mu. Anas ɗan Malik yana da ƙane da ake kira Abu Umair, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaro ya yi jugum. Manzon Allah, da yake ɗauke da al'amarin al'umma duka, ya lura, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa namiji ba ya kuka ba, bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ta ƙofar abin wasan ya shiga wurin baƙin cikin yaron. Malamai sun fitar da fa'idodi masu yawa daga wannan ɗan gajeren hadisi, mu kuwa wannan ce fa'idar da muke bukata yau. Shi da kansa ma ya yi zane don ya koyar: Abdullahi ɗan Mas'ud ya ruwaito cewa ya zana murabba'i, ya ja layi daga tsakiya ya fita waje, ya yi ƙananan layuka a gefensa, ya bayyana musu da shi mutum da ajalinsa da dogon burinsa da musibun da ke kewaye da shi. Ga kuma Aƙra'u ɗan Habis da ya ga an sumbaci Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu kowa ya san ta, kuma ba yabo ba ce.

Saboda haka masu cewa abin baƙo ne, sai mu ce takardar da fensir ɗin ne baƙi. Wace ƙasa ce ta kai Barno sanin alƙalami da tawada? Alƙur'anan da ake rubutawa da hannu a can sun shahara tun ƙarnoni da suka wuce, da baƙar tawada ta rubutu, da ja ta wasula, da rawaya ta hamza, da adon da ake yi wa alamun hizbi da sujada. Yaronmu in ya sauke, allonsa zayyana ake yi masa mai launi-launi, ya zaga da shi gidajen dangi. Matanmu suna zanen ƙwarya, suna saƙa faifai mai launi, suna ƙunshi. Magina suna ƙawata soro da dagi. Mutanen Bama da suka yi hijira zuwa Maiduguri da yawansu da ɗinkin hula suka riƙe kansu, maza da mata da yara, kuma hula guda takan ci makonni ana zaune wuri ɗaya. Duk waɗannan ba surar mai rai a cikinsu, ba mai iya cewa uffan. Uban da yake jin nauyin ya riƙe fensir mai launi kamar ɗan firamare ba zai ji nauyin ya feƙe wa ɗansa alƙalamin kara ba, ya dama tawada da gawayi da ƙaro, su zana taswirar garinsu: nan masallacin Juma'a, nan kasuwa, nan hanyar gona. In babu takarda, ƙasa ma allo ce, yatsa kuma alƙalami. Muna ma ba ma'aikatan shawara su nemi iyaye maza, kada su tsaya kan mata kaɗai, domin uban da ya rasa gona ya koma bin layin karɓar abinci yakan ji ya zube a idon 'ya'yansa, har ya riƙa gudun zama da su.

Akwai dai sharuɗɗa da muke so malam ya tsaya a kansu. Kada a yi zane a allon da ake rubuta Alƙur'ani, ko a bayan takardar da ke da sunan Allah. A nemi na dabam. Kada mace ta zauna a keɓe da ma'aikaci namiji, a yi abin a fili, in da hali mata su jagoranci mata. Kada a ɗauki hoton yaro ko zanensa a kai wani wuri neman kuɗi ba da yardar iyaye ba. Takardar ta yaron ce, sirrin gidansu ne a ciki. Malam yana da haƙƙi ya je ya zauna ya ga abin da ake yi da idonsa, ya tambayi wanda ya aiko su da inda aka horar da su, kuma ma'aikacin kirki ba zai ƙi haka ba.

Su kuma iyaye mata, abin da ya fi wuya shi ne kame baki. Uwa za ta ga ɗanta ya zana wuta da mutane kwance, zuciyarta ta tsinke, ta ce kai, bar wannan, zana fure. In ta yi haka ta rufe ƙofar da ta fara buɗewa. Kada kuma ta matsa masa da tambaya kamar ɗan sanda, ko ta gyara masa wai ƙafar akuya huɗu ce ba uku ba. Ta ce masa ba ni labarin wannan, in ya yi shiru ta ƙyale shi, gobe ma rana ce. Kada wani ya mai da kansa mai duba, ya ce jan launi na nufin kaza, baƙi na nufin kaza. Ma'anar zane tana bakin wanda ya zana. In hawaye ya zo mata ba laifi, Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga cikin masu haƙuri ba. Sai dai ta nuna wa yaron ba shi ya sa ta kuka ba, domin yara sukan ɗora wa kansu laifin abin da ba su da hannu a ciki.

Wannan aiki kuma ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da ya daina cin abinci, ko ya daina magana ɗungum, ko yake neman ji wa kansa rauni, da uwar da ta kai ba ta iya tashi ta kula da kanta, ko take jin gara ta mutu, waɗannan likita suke bukata ba tare da jinkiri ba, kuma a Maiduguri akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa. Neman magani umarni ne na Manzon Allah, ba ya cin karo da addu'a ko tawakkali.

Game da magidantan da suka kawo ƙara, shawararmu ga malam ita ce kada ya ba su amsa a bainar jama'a har wani ya ji an kunyata shi. Ya kira su zaure bayan sallar Isha'i, ya buɗe musu Risala su ga wurin da idonsu, ya gaya musu wanda zuciyarsa ba ta natsu da surar mai rai ba iyalinsa su tsaya kan gida da itace da zayyana. Sa'an nan ya roƙi biyu ko uku daga cikinsu su bi shi rumfar a mako mai zuwa, kowa ya riƙo hannun ɗansa. Muna so malam ya sake rubuto mana ya gaya mana yadda aka ƙare. Allah shi ne mafi sani. Zakkar dabbobi kuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu tashi daga nisabin awaki da tumaki.